Kuɗin Kaya Daban, Kuɗin Hannu Daban: Magini da Harajin VAT daga Sabha zuwa Kano

Sukra unguwa ce a cikin Sabha, babban birnin yankin Fazzan a kudancin Libiya. Sabha ita ce babban zango na farko da matafiyi ke tararwa idan ya taso daga Agadas, ya bi ta Dirku da Madama, ya ƙetare iyaka ya wuce Gatrun. Shekaru da yawa ke nan Hausawa daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Katsina da Kano suna bin wannan hanya don neman abin kansu, kuma da yawa daga cikinsu aikin gini suke yi: magina, kafintoci, masu walda, masu fenti, masu ɗaura tayil, da leburorin da ke kwaɓa musu siminti. Magini ɗaya yana iya yin shekara biyu a Sabha, ya koma Maraɗi ya zauna, daga baya ya gangara Kano. Cokalin gininsa bai sake ba, amma ya ratsa tsarin haraji uku. Libiya ba ta karɓar harajin VAT ko kaɗan. Abin da take da shi shi ne harajin kuɗin shiga, da kuɗin fito, da harajin hatimi a kan takardun kwangila. Nijar tana karɓar kashi 19 cikin ɗari, a can ana kiransa TVA. Najeriya kuwa kashi 7.5.

Wanda ya dubi waɗannan lambobi zai ɗauka su ne dukan zancen, wato a Sabha an huta, a Kano da sauƙi, a Maraɗi da nauyi. Amma abin da ya fi taɓa aljihun mai sana'ar da ke cin gashin kansa yana a wani wuri dabam, shi ne yadda aka ƙulla cinikin aikin tun farko: shin kuɗin kaya da kuɗin aiki a dunƙule aka yanke su, ko kowanne da gurbinsa? Dokar da ke auna girman magini da kuɗin simintin da ya ratsa ta hannunsa tana auna shi da mudun da ba nasa ba, kuma maginin da ya yarda ya dunƙule lissafinsa yana taya ta.

Hausa tana da kalmomi isassu na wannan fage, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ginshiƙin maganar. Ƙwadago aiki ne na yini ko na sa'o'i, wanda ake biya da yamma a sallami mutum. Jinga ita ce a yanke kuɗin aiki gaba ɗaya tun kafin a fara, ko an gama a kwana uku ko a kwana goma. Kuɗin hannu, ko kuɗin aiki, shi ne ladan gwaninta da gumi kaɗai, ban da abin da aka sayo. Kwangila, wadda aka aro daga Turanci, ta fi jinga faɗi, domin sau da yawa ɗan kwangila shi ke kawo kaya, ya kawo ma'aikata, ya miƙa makulli. La'ada kuma ita ce ɗan abin da mai shago ke ba wanda ya kawo masa mai saye. Idan mai gida ya ce wa magini "ka yi mini kuɗin komai da komai", ya fitar da shi daga jinga ya shigar da shi kwangila ke nan, ko da babu takarda ko ɗaya tsakaninsu. Baƙon da ke aiki a Sabha da wuya ya kai wannan matsayi, domin ba shi da jarin sayen kaya, kuma sau da yawa ba shi da takardun da za su ba shi damar ƙulla kwangila. Hannunsa kawai yake sayarwa, mai gida ya sayo siminti da ƙarfe da kansa. Sai ya dawo gida, inda aka san shi aka san iyayensa, sannan ake damƙa masa kuɗin kaya, kuma a nan haraji ke fara bin sa.

Shi wannan haraji, wanda wani jami'in haraji na Faransa mai suna Moris Lore ya tsara a 1954, dabararsa ita ce a karɓe shi kaɗan-kaɗan a kowane mataki. Kamfanin siminti ya ɗora shi a kan dillali, dillali ya ɗora a kan mai shago, kowannensu ya cire abin da ya riga ya biya wajen saye, ya miƙa wa hukuma ragowar. Wanda ke ƙarshen layi, wanda ba shi da wanda zai ɗora wa kuma ba shi da ikon cirewa, shi ke biya na gaskiya. Najeriya ta kafa shi da Doka ta 102 ta shekarar 1993, aka fara karɓa a farkon 1994 a kan kashi 5, a madadin harajin sayarwa na 1986. Gwamnatin Obasanjo ta ninka shi zuwa kashi 10 a ƙarshen mulkinta a 2007, ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta janye ƙarin. Dokar Kuɗi ta 2019 ce ta kai shi kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairu 2020, kuma ita ce ta fara yafe wa masu cinikin da bai kai naira miliyan 25 a shekara ba ɗawainiyar karɓar harajin da kai rahotonsa. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, masu fara aiki daga Janairun 2026, sun bar shi a kashi 7.5 bayan majalisa ta yi watsi da shawarar ƙara shi, suka kuma ɗaga iyakar yafewar zuwa miliyan 100.

An yi hayaniya mai yawa a kan waɗannan dokoki, musamman bayan taron gwamnonin Arewa a Kaduna cikin Oktoban 2024. Sai dai kusan dukan hayaniyar a kan rabo ce, wato nawa zai tafi Legas nawa zai zo Kano ko Jigawa. Mai ɗaura kwano a Kurna bai fito a cikin muhawarar ba ko sau ɗaya.

Kalmar "yafewa" tana da daɗin ji, amma lissafi yana rage mata zaƙi. A ƙaddara wani magini a Kano ya karɓi aikin gina ɗakuna. Siminti da rodi da kwano da tayil da fenti sun kama naira miliyan 8 kafin haraji, harajinsu ya zama 600,000, jimla miliyan 8 da 600,000. Kuɗin hannu, nasa da na yaransa, miliyan 2. Idan yana cikin waɗanda aka yafe wa, zai karɓi miliyan 10 da 600,000 daga mai gida, kuma a cikin wannan kuɗi akwai haraji na 600,000 da ba a rubuta a ko'ina ba. Idan kuwa mai rajista ne, zai ɗora kashi 7.5 a kan miliyan 10, wato 750,000, ya cire 600,000 da ya biya wajen sayen kaya, ya kai wa hukuma 150,000. Mai gida ya biya miliyan 10 da 750,000. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu naira 150,000 ne kacal, harajin kuɗin hannu ke nan. Abin da aka yafe bai wuce wannan ba. Kashi huɗu cikin biyar na harajin aikin yana nan daram a cikin buhun siminti, ko an yafe ko ba a yafe ba. A Maraɗi lissafin iri ɗaya ne, sai dai lambobin sun fi kauri: kayan sefa miliyan 8 suna ɗauke da TVA na miliyan 1 da 520,000, kuɗin hannu na miliyan 2 kuma harajinsa 380,000.

Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, haka aka gina harajin. Matsalar tana farawa daga yadda ake auna iyakar. Doka tana duban jimlar cinikin shekara, ba ta tambayar nawa ne ya tsaya a hannun mutum. A ƙarƙashin tsohuwar iyaka ta miliyan 25, maginin nan idan ya yi irin wannan aiki sau uku a shekara ya kai miliyan 31 da 800,000, ya haura iyaka, alhali abin da ya shigo na hannu miliyan 6 ne, kuma daga ciki zai biya leburori da mai ɗiban ruwa da ɗan dako. Maƙwabcinsa da ke yin aiki iri ɗaya amma yake barin masu gida su sayo kayansu sai ya yi irin wannan aiki goma sha uku kafin ya taɓa iyakar. Mutum biyu, gwaninta ɗaya, gumi ɗaya, amma ɗaya ya zama babban ɗan kasuwa a idon doka saboda kawai an amince masa ya je Ƙofar Ruwa ya sayo rodi.

Za a ce ai an ɗaga iyakar har ninki huɗu, magana ta ƙare. Sai dai buhun siminti da bai kai naira 3,000 ba a farkon 2020 ya haura 10,000 a farkon 2024, rodi da kwano su ma ba su tsaya a inda suke ba. Ninki huɗun da aka yi wa iyaka kusan cim ma farashi kawai ya yi. Lambar da aka rubuta a doka tana zaune wuri ɗaya, farashin kaya kuwa tafiya yake yi, kuma kuɗin kaya ya fi kuɗin hannu saurin tashi. Nan da 'yan shekaru za a koma gidan jiya, kuma masu sana'ar da za su fara faɗawa su ne waɗanda kayan aikinsu suka fi tsada: mai walda da ke sayen ƙarfe, mai haɗa tagogin alminiyam, mai sa na'urar hasken rana wanda batir da inbata ke cinye kusan dukan kuɗin aikinsa.

Mafi munin hali shi ne na wanda ya haura iyaka bai sani ba. Idan jami'an haraji suka zo suka duba abin da ya shiga asusunsa na banki, za su ga miliyoyi, su nemi kashi 7.5 na jimlar. Hanya ɗaya da zai rage nauyin ita ce ya nuna takardar da ta tabbatar da harajin da ya biya wajen saye. To a ina zai samo ta? Rasit ɗin da ake rubutawa da biro a 'Yan Katako ko a shagon unguwa yana nuna adadin kaya da kuɗinsu, ba ya nuna lambar haraji ta mai shago, balle ya ware VAT a gefe. Mai shagon ma wataƙila yana cikin waɗanda aka yafe wa, don haka ba shi da ikon bayar da irin wannan takarda, ko da yake harajin da kamfani ya ɗora masa yana cikin farashinsa. Sakamakon shi ne a karɓi haraji sau biyu a kan buhu ɗaya: 600,000 da ke ɓoye a cikin kaya, da wasu 795,000 a kan jimlar miliyan 10 da 600,000. Mai gida ya daɗe da shiga ɗakinsa, ba wanda zai koma ya ce masa ya ciko. Daga aljihun magini za su fita, kuma sun kusa kashi biyu cikin biyar na kuɗin hannunsa.

Akwai kuma wata illa da sabuwar doka ta haifar ba da niyya ba. A da, kamfani a Najeriya ba ya iya cire harajin da ya biya a kan ayyukan da aka yi masa ko a kan kadarorinsa na dindindin. Abin da aka yarda ya cire shi ne na kayan da zai sake sayarwa ko zai sarrafa. Sabuwar doka ta buɗe wannan ƙofa, kuma gyara ne mai kyau. Amma a duba abin da zai faru idan wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai tana son gina ɗakin ajiya. Idan ta ba ɗan kwangila mai rajista, za ta biya miliyan 10 da 750,000, ta cire 750,000, aikin ya tsaya mata a miliyan 10. Idan ta ba ƙaramin maginin da aka yafe wa, za ta biya miliyan 10 da 600,000, ba ta da abin cirewa ko kwabo. Yafewar da aka yi don a taimaki ƙarami ta sa ya fi babba tsada da kashi 6 cikin ɗari a wurin abokin cinikin da ya fi biya a kan kari. Mafitarsa guda ce: kamfanin ya sayi kayan da sunansa, ya riƙe takardunsa, shi kuma ya karɓi kuɗin hannunsa tsantsa.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan haraji sun gane cewa aikin da ya haɗa kaya da hannu yana buƙatar hukunci na musamman. A Ingila harajin kashi 20 ne, amma gina sabon gidan zama ba shi da haraji, gyaran gidan da ya yi shekara biyu ba kowa a ciki kuma kashi 5 ne, kuma kayan da magini ya kawo ya yi aikin da su suna bin ƙimar aikin. A Faransa gyaran gidan da ya wuce shekara biyu da ginawa kashi 10 ne maimakon 20. Ailan ta fi kowa fito da maganar fili da ƙa'idarta ta kashi biyu cikin uku: aikin gini da gyara kashi 13.5 ne, amma idan kuɗin kaya ya wuce kashi biyu cikin uku na jimlar, sai a ɗauki cinikin duka a matsayin sayar da kaya, a karɓi kashi 23. Ba a kawo waɗannan don a kwafe su ba. Ƙimomi barkatai suna buƙatar akawu da lauya, abin da maginin Kurna ba shi da shi, kuma ƙima ɗaya ta Najeriya ta fi sauƙin fahimta. Abin lura kawai shi ne dokokinsu sun san akwai bambanci tsakanin kaya da hannu, dokar Najeriya kuwa, wajen auna iyaka, ta rufe ido a kansa.

Gyaran da ya kamata ba shi da tsawo. Ga mai sana'ar hannu da ke aiki da sunan kansa, a auna iyakar yafewa da abin da ya rage bayan an cire kuɗin kayan da ya sayo wa mai aiki, muddin ya nuna rasit. Wannan zai ba shi dalilin neman rasit na ƙwarai, shi kuma ya matsa wa mai shago, hukuma ta samu sawun cinikin da a yanzu ba ta gani.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce idan aka yi haka kowa zai kumbura kuɗin kaya ya ƙanƙantar da kuɗin hannu a takarda. Gaskiya ne za a gwada. Amma farashin buhun Dangote ko na BUA a kowane wata ba asiri ba ne, kuma kowane mai awon gini ya san buhu nawa ke zuba dakali mai faɗi kaza. Ƙaryar kaya ta fi ƙaryar jimla sauƙin kamawa, jimlar da a yanzu ma ake ɓoye ta ta hanyar karɓar tsabar kuɗi a leda.

Hujja ta biyu ta fi ɗaci, domin daga wajen masu sana'ar kansu take fitowa, ko da yake ba a fili suke faɗinta ba. Da yawansu ba sa son a raba lissafin. Mai gida yana taya kuɗin hannu kamar yana sayen tumatir da yamma, ya rage ya sake ragewa, amma ba ya iya taya kuɗin rodi saboda bai san farashinsa ba. Saboda haka magini ya koyi karɓar kuɗin hannu ƙasa da ƙimarsa, ya rama a wajen kaya: ɗan ƙari a kan kowane buhu, la'ada daga mai shago, wani lokaci har da rage siminti a kwaɓi, wanda shi ne mafi haɗari, domin gini ke biyan wannan bashi da tsagewa. Dunƙulallen farashi rufin asiri ne ga ɓangarorin biyu, mai gida ya ji ya yi ciniki mai kyau, magini ya fita da abinsa. Amma wannan rufin asiri yana da tsada. Shi ke kumbura cinikin magini a idon hukuma, shi ke ɗora masa asara idan siminti ya tashi tsakanin ranar jinga da ranar saye, kuma shi ke hana kuɗin hannu samun farashinsa na gaskiya a kasuwa. Wanda ya ɓata yini guda yana zagaya kasuwa yana zaɓen katako marar ɗanye ya yi aiki, kuma ya cancanci lada a kansa. A rubuta wannan lada da sunansa, kuɗin sayo kaya, a layi na uku, ya fi a cusa shi a cikin farashin ƙusa.

A Nijar ƙananan masu sana'a suna biyan haraji guda na dunƙule a shekara, ba sa ɗora TVA a kan abokan cinikinsu kuma ba sa cirewa. Da yake ƙimar can kashi 19 ce, kusa da ƙololuwar abin da ƙungiyar ƙasashen sefa ta Yammacin Afirka ta yarda da shi, wato tsakanin 15 da 20, duk abin da aka faɗa a sama ya fi tsanani a can fiye da ninki biyu. Maginin Maraɗi da ya sayo kayan gini da kuɗinsa don aikin wani kamfani mai rajista ya binne kusan kashi ɗaya cikin shida na kuɗin kayan a inda ba mai iya tono shi.

Ƙasar Hausa ta san harajin sana'a tun kafin zuwan Turawa. Baturen Jamus Bart, wanda ya ratso Fazzan ta Murzuk a 1850 ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa ana karɓar kuɗin karofi a kan kowace rijiyar rini. Marini ya san abin da ke kansa, ya san ranar biya, ya san fuskar mai karɓa, kuma ba a lissafa masa darajar zanen da aka kawo masa rini a matsayin dukiyarsa. Harajin da ake gani shi ake jin zafinsa, shi ya sa soke haraji da jangali da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a Kano da Kaduna a 1979 ya zauna a zukatan mutane har yau. VAT ba shi da fuska. Ko sunansa a Hausa bai zauna ba: wasu kafofin labarai suna cewa harajin kayayyaki, wasu harajin sayen kaya, wasu su bar shi da haruffansa uku. Suna biyun farko suna ɓatar da mai sana'a, domin suna sa shi ya ɗauka abin ya tsaya ga mai shago, alhali doka ta haɗa da aikin hannu, daga gyaran famfo har zuwa ɗaura rufi. Harajin ƙarin daraja ya fi kusa da ma'anar, tunda abin da ake nufi shi ne darajar da kowane hannu ya ƙara wa kaya, kuma darajar da magini ya ƙara wa siminti da yashi ita ce miliyan 2 ɗin nan, ba miliyan 10 ba.

Hukumar tara haraji ta ƙasa, wadda sabuwar doka ta sauya wa suna daga FIRS zuwa NRS, tana da ofisoshi a Kano da Katsina da Sakkwato, kuma ƙungiyoyin magina da kafintoci da masu walda suna da shugabanni da ranakun taro. Takarda ɗaya da Hausa, a boko da ajami, mai gurbi uku, na kaya da na sayowa da na hannu, tare da bayanin irin rasit ɗin da hukuma ke karɓa da wanda ba ta karɓa, za ta isa a raba a waɗannan taruka kafin jami'an bincike su fara duba asusun shekarar 2026.